Na Juya Baya Don Kunyar Surukina, Na Sa Hannu a Kan Ƙarya

Assalamu alaikum Malam, da kai da masu bibiyar wannan shafi. Ya iyali, ya haƙuri da tsadar rayuwa? Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa tsakanin Gwarzo da Kabo. Ni ne mai kula da sito, ni nake jan sallah a masallacin ma'aikata. Bayan wata motarmu ta faɗi a hanyar Getso, sai aka kawo dokar gwada fitsarin direbobi duk bayan wata uku saboda ƙwaya. Ƙa'idar ita ce wani ya tsaya a bakin ban-ɗaki, ƙofa a buɗe, ya ga mutum ya yi a kwalba, sannan ya sa hannu. Manaja ya ce ba wanda ya yarda da shi sai ni. Har wani daɗi na ji, wai ni mai gaskiya. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa mahaifin matata yana cikin direbobin. Shi yake kwaso matan da ke shanyar shinkafa daga Kabo kullum da safe, kuma shi ya yi min hanyar aikin.

Shekara shida ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, a tsugune nake gaishe shi. To ta yaya zan zuba wa mutumin nan ido yana fitsari? Da layi ya zo kansa, kallona kawai ya yi. Na sunkuyar da kai, na juya baya, har na ƙara gaba kamar mai neman wani abu. Ya fito ya miƙo kwalbar, na karɓa da hannu biyu, na ji ta sanyi ƙalau, alhali na sauran duk da ɗumi suka zo hannuna. Na gane, wallahi na gane fitsarin wani ya shigo da shi, amma na ɗauki biro na rubuta cewa na gani da idona. Da sakamako ya fito aka sallami wani direba mai 'ya'ya biyar, Baba surukina kuwa ya fita fes. Ranar da ƙyar na iya shiga gaba na ja azahar.

Na gaya wa matata, ashe ta sani. Ta ce tun da ciwon baya ya kama shi yake shan tiramol, in bai sha ba ba ya iya zaman tuƙi, kuma aikin nan ne kaɗai ke riƙe da gidansu. Tana kuka ta ce, "In ka tona wa Baba asiri, da wane ido zan shiga gidanmu?"

Na so in yi shiru. Sai shekaranjiya na ga motarsa ta shigo da gudu, saura ƙiris ta daki katanga, matan suka sauko suna salati, wata da goyo a bayanta. Idonsa jawur, yana dariya. Na je na roƙi manaja ya sauke ni daga wannan aikin, ya ce sai na faɗi dalili. Na aika wani aminin Baba ya yi masa magana ya je asibiti, tunda ni bakina ba zai iya ba. Amsar da aka kawo min ita ce, "Ka ce wa yaron nan ban roƙe shi komai ba. Ya yi abin da ya yi wancan karon kawai."

Ran Litinin za a sake gwajin, kuma ni ne dai a bakin ƙofa. In na kalla na tozarta uban matata, na kashe masa abinci, wataƙila da aurena. In na sake juya baya, duk abin da ya sami matan nan a hanya da sa hannuna a ciki, kuma na san za a tambaye ni ranar gobe ƙiyama. Don Allah jama'a, me zan yi?