Na haihu kwana huɗu ke nan, mahaifiyata ba ta sani ba

Assalamu alaikum Anti, ina gaida ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙon masu karatu, kafin ku ce Allah wadaran 'ya irina, ku daure ku kai ƙarshe, don ni ma ba alfahari nake yi da abin da na aikata ba.

Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a wani ofis a Utako cikin Abuja, a nan muke zaune da maigidana. Mama tana Masaka, tana da shagon atamfa a kasuwa. Duk wanda ya san ta ya san mace ce mai kyauta da son mutane, amma cikinta ba ya riƙe magana, abin da ta ji da safe kafin azahar ya zagaye layin 'yan atamfa. Shekara shida muka yi da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Da muka je asibiti likita ya ce ni lafiyata ƙalau, matsalar daga wajensa take, amma ana iya magani. A mota ya riƙe hannuna ya ce, "Don girman Allah wannan ya tsaya tsakanina da ke." Na ce ya tsaya.

Laifina na farko ke nan, ban riƙe ba. Mama ta dame ni da jiƙe-jiƙe, kowane mako sai ta aiko da gora, ranar nan ta turke ni a ɗakinta tana kuka wai dangin miji suna ce wa 'yarta juya. Na kasa jurewa, na faɗa mata. Na sa ta rantse. Ta dafa ƙirji ta ce, "Haba 'yar nan, ni na haife ki fa. Wa zan gaya wa?" Wa za ka yarda da shi in ba uwarka ba?

Ko wata biyu ba a yi ba muka je bikin wata 'yar kawuna. Mata cike da tsakar gida, uwar mijina na zaune, wata ta yi min addu'ar samun rabo, sai kawai na ji muryar Mama: "A'a, ku daina kallon 'yata. Result yana nan, likita ya faɗa, shi ne ba ya iya haihuwa." Wallahi Anti, ji na yi kamar an kwara min ruwan zafi. Kafin a tashi daga bikin har abokan wasansa sun ji, wani ya aiko masa da lambar mai maganin maza yana dariya. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ki." Da ma duka na ya yi, da ya fi min sauƙi.

Na je na sami Mama a shago ina kuka. Kun san abin da ta ce? "To ƙarya na yi? Kare ki na yi, maimakon ki gode." Har yau ba ta ce min yi haƙuri ba, shi kuma ko gaisuwarsa ta amsa sai ta haɗa da "Allah ya ba da lafiya" a gaban mutane.

Ya yi shekara guda yana shan magani, Allah cikin ikonsa na samu ciki. Murnata ba ta kwana ba, don na tuna abin da Mama ta shuka a kunnen dangi: mutumin da aka ce ba ya haihuwa, matarsa ta yi ciki, me kuke zato za a ce? Sai na yanke shawarar da ta kawo ni nan. Na ce wa Mama ofis sun tura ni aiki Fatakwal na wata takwas. Ga mu kusa da juna, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, ina kiran ta a waya ina ba ta labarin ruwan saman garin da ban taɓa takawa ba. Na daina zuwa kasuwar Utako don kada abokan cinikinta su gan ni. Shi maigidan bai so ba, ya ce uwa uwa ce, na ce ya bar ni da tawa.

Ƙanwata kaɗai ta sani. Da cikin ya kai wata bakwai zuciyata ta yi laushi, na ce ta ɗan gwada min Mama. Ta ce mata, "Mama, in Yaya ta dawo da ciki fa?" Mama ta yi dariya ta ce, "Da wa? Da wancan? Ai sai mu tambaye ta inda ta samo." Uwata ce fa, wadda ta yi min tarbiyya, ta san ko wace ce ni. In ita ta faɗi haka, me ta bar wa bare?

Ranar Talata na haifi 'ya mace, kamarsu ɗaya da ubanta har kunnuwa. A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa wanka, uwa ce ke dafa ruwa, ta gasa maka jiki, ta dama kunun kanwa. Ni maƙwabciyata ce ke min, wata dattijuwa Bagwariya 'yar Ushafa, ita ta kawo tukunyarta ta ƙasa da ganyen darbejiya. Jiya tana tsoma ganyen ta ce, "Yarinya, Mama naka ya rasu ne? Sorry fa." Sai kuka ya ƙwace min. Na bar ta ta ɗauka zafin ruwan ne ya sa ni kuka.

Yau da safe na tambayi maigidan sunan da ya yi wa yarinya huɗuba da shi. Ya ce sunan Mama. Na ce wace Mamar, taka? Ya ce, "Taki. Tun kafin mu yi aure na yi miki alkawari, ni ba na fasa alkawari." Mutumin da ta tozarta a gaban uwarsa, shi ya yi mata takwara.

Suna saura kwana uku. Liman zai faɗi sunan, mutane za su waiga suna neman mai shi. In na kira ta, dole ta san wata takwas ina mata ƙarya, kuma ban da tabbacin abin da zai fito daga bakinta in ta ɗauki jaririyar a gaban dangin mijina. Kalma ɗaya ta wasa ta isa ta bi 'yar nan har girmanta. In ban kira ta ba, a bakin 'yan kasuwa za ta ji an yi mata takwara, kuma na san haƙƙin uwa ba abin wasa ba ne. Ina son uwata, Allah ya sani, amma na daina yarda da ita, kuma ban san yadda ake gaya wa uwa "ki zo, amma ki kama bakinki" ba.

Ga wayar a hannuna, ga mai sunanta a cinyata tana barci. Jama'a, me zan yi?