Injiniyan da Ya Ce Tsere Yana Nan

Juma'a, 3 ga Janairu

Ni, Injiniya Dakta Umar Faruq Mijinyawa, babban mai ba da shawara kan tseren babura da motoci na filin bayan unguwar Al Wukair a nan ƙasar Larabawa, na buɗe wannan littafi da hannuna mai albarka. Ba na rubutu sai da biron zinariya. Yau dai an manta shi a ofis, da jan biron gareji nake yi.

Talakawana sun taru a tudu kamar kullum. Yashi ne wata tifa ta juye a bayan wayar shingen fili, aka manta da shi. Kwanar hanyar tsere ɗaya tak ake hangowa daga kansa, amma ba mai tambayarka tikiti. Masu kai abinci a babur ne, 'yan Zangon Ghana da 'yan Najeriya, kowa da akwatinsa a baya, suna satar awa biyu bayan masallaci. Shekara uku ke nan, duk Juma'ar lokacin sanyi.

Ba wanda ya taɓa ganina. Muryata kawai suke ji a zauren WhatsApp na tudu. Layina yana zaune a wayar wani shaƙiyyi mai kai abinci, Ɗantala, kuma muryar ba ta fita sai ya shiga banɗaki ya toshe hanci ya yi magana a cikin kofin shayi. Tun bara muke haka. Ranar farko na ce kowa ya zo da farar hula, 'yan talabijin za su ɗauka. Mutum goma sha ɗaya suka zo da farar hula. Na ba su haƙuri, na ce mai kyamara ya kamu da mura.

Juma'a, 10 ga Janairu

Bari mai girma Injiniya ya rubuta wani abu a kan Baba Abdul-Ganiyu, makanikin kamfaninmu. Kamfaninsu, nake nufi.

Mutumin Kumasi ne. Shi ba ya kallon tsere, rufe ido yake yi. Carbi a hannu, duk zagaye ɗaya ya ja ƙwaya ɗaya, ya faɗa mana wa ke gaba tun baburan suna can inda ba a gani. Yau ya karkata kai ya ce, "Mai lamba bakwai ba zai gama ba, injin nashi na tari." A zagaye na tara sai ga shi ana tura shi.

Gwaninsa mai lamba arba'in da ɗaya ne, baƙin babur. Shekara uku yana binsa, bai taɓa ganin fuskarsa ba. Na ce masa, wato Ɗantala ya ce masa, "Baba, in ya cire hular nan aka ga tsohuwa ce fa?" Ya ce da Hausarsa ta Kumasi, "To sai in aure shi."

Bana arba'in da ɗaya ne na biyu a maki. Ranar 21 ga Fabrairu za a yi na ƙarshe. Baba zai cika sittin, kamfani ba zai sabunta masa kwangila ba, wannan ne sanyinsa na ƙarshe a nan.

Na ga wasu turaku masu jan ƙyalle an kakkafa a gefen tudu. Na cire ƙyalle ɗaya na ɗaura wa akwatin abokin aikinmu Mashud.

Litinin, 13 ga Janairu

Mashud ya kai abinci ofishin fili, ya dawo yana hura hanci. Wai ya ga ana ɗaure kaya a kwali, wai an ce masa tseren zai koma wani filin a ƙasar maƙwabta. Tun rana yake cika zaure da surutu kamar shi ya kawo wahayi. Mutum ya shiga ofis sau ɗaya da ledar shinkafa, ya zama ɗan jarida.

Talata, 14 ga Janairu

Baba ya aiko wa Injiniya saƙon murya. Minti huɗu. Biyun farko gaisuwa ce, ya iyali, ya aiki, ya sanyi. Ina tsaye a danja, na sa shi da gudu-gudu. Da na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, tseren na nan ko ba ya nan?" sai na kashe, an ba mu hannu.

Da la'asar na samu kofi. Na ce, "Malam Abdul-Ganiyu, kwantar da hankalinka. Ni na sa hannu a takardar. Tsere yana nan, ko taku ɗaya ba zai matsa ba. Ku daina sauraron masu kai shinkafa."

Zaure ya yi ta dariya. Yanzu Mashud sunansa Jarida. Na ji daɗi ƙwarai.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kai babur gareji canjin mai, na tarar da Baba yana waƙa. Ya ce ya yi musanyar hutu da Kamil. Su biyu ne makanikai, ba a barin su tafi tare. Nasa hutun ranar ɗaya ga Fabrairu zai fara, shekara biyu bai je gida ba. Yanzu Kamil zai tafi, shi sai Yuni.

Na ce, "Baba, saboda tsere?"

Ya ce ai ya tambayi Injiniya. Ya gaya wa Injiniya komai a saƙon.

Na koma bayan gareji na saurari sauran saƙon. Yana nan a minti na uku. Mahaifiyarsa ta haura tamanin da biyar, tana ta tambayarsa. In tseren ya tashi, zai tafi gida abinsa. In yana nan, zai jira ya ga na ƙarshe, Mma tana da sauran ƙarfi. "Don Allah ka gaya mini gaskiya, a kan maganarka zan tsaya."

Alhamis, 16 ga Janairu

Gobe zan gaya masa.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ban gaya masa ba. Arba'in da ɗaya ya ci. Baba ya san ya wuce na gaba tun kafin mu gani, ya miƙe a kan yashi yana rawa da carbinsa, har takalminsa ɗaya ya gangara. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Allah ya saka wa Injiniya, da yanzu ina haɗa jaka."

A ina zan sa bakina?

Kuma wa ya ce Mashud ya ji daidai? Turancinsa na kai oda ne. Mai yiwuwa fenti za su yi wa ofis. Injiniya zai iya yin gaskiya bisa kuskure, ai ana yi.

Asabar, 25 ga Janairu

Kamil ya yanki tikiti, an ɗaura ranar auren ƙanwarsa a kan zuwansa. Khalas, magana ta ƙare.

Turakun nan sun ƙaru. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

An liƙa takarda a ƙofar fili. Na tsaya na karanta Larabcin tas, har da ja da ɗauri yadda malam ya koya mana a allo, ban san me ya ce ba. Mashud ne ya karanta Turancin. Ranakun tseren da suka rage an mai da su can ƙetaren iyaka, na babura da na motoci duka. Filin gidaje za a gina.

Bai ma yi mini gori ba. Ina nufin bai yi wa Injiniya ba. Hoton takardar kawai ya sa a zaure, ya rubuta, "Ga shinkafa."

Ana ta kiran Injiniya ya fito ya yi bayani. Injiniya yana taro.

Juma'a, 31 ga Janairu

Mun je tudu duk da haka, mu bakwai. Ban san me muka je yi ba. Ba ƙara, ba warin taya. Wata katafila tana fake a daidai kwanarmu. Bashiru ya kawo shayi a fulas kamar kullum, aka sha a tsaye, kowa yana duba waya ko oda za ta shigo ta cece shi.

Baba bai zo ba. Ya je wurin manaja neman a maido masa hutunsa. An ce masa takarda ta riga ta wuce, Kamil gobe zai tashi, babura tamanin ba za su zauna ba makanike ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Yau ake yi a sabon filin. An ce awa shida ne a mota, sai biza, sai izinin kafil, wato mai kamfanin da ya kawo mu, sai ranar hutun da ba mu da ita. Masu manyan motoci sun bi abinsu. Mu muka zauna a bakin teku, a Corniche, Mashud ya jingina wayarsa da akwati, wani yana haskowa daga can.

Baba ya rufe ido, ya kawo kunne dab da wayar. Ya daɗe. Sai ya mai da carbi aljihu ya ce, "Sauro nake ji. Ban san wane ne wane ba."

Hoton ya tsaya a zagaye na huɗu. Da ya dawo mutum uku sun tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mutum goma sha huɗu sun fita daga zaure. Da ba don tudu ba, ashe rabinmu ba abin da ya haɗa mu. Na haɗu da Bashiru a danjar Nu'aija, muka ɗaga wa juna hannu kamar maƙwabtan da suka yi faɗa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mma ba lafiya, ta daina cin abinci. Safiya, 'yar Baba, ta kira shi ta bidiyo ina gareji. Tsohuwar tana kwance tana kallon wayar, tana cewa ya matso kusa, ba ta ganinsa sosai. Ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi. Ta ce ya ƙara matsowa.

Na fita na bar makullina a kan benci.

Ya sake komawa wurin manaja. Sai Kamil ya dawo, uku ga Maris.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ta rasu da hantsi. Bayan azahar aka kai ta.

Birkin babur ɗina yake ɗaurewa lokacin da kiran ya shigo. Ya saurara, ya yi salati, ya ajiye wayar a ƙasa. Sai ya ɗauki sifana ya ƙarasa ɗaure notin, ya matsa birkin sau biyu, ya ce, "Yalla, tafi, abincin mutane na hucewa."

Na tafi. Wallahi na tafi na kai abincin.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Yau ne na ƙarshe. Ban san wa ya ci ba, ba wanda ya tambaya.

Bayan masallaci aka taru a ɗakin su Baba a masaukin ma'aikata, aka yi addu'a. Aka ce wa zai ja Yasin, Mashud ya nuna ni. Na ja. Ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, abin da na iya ke nan a duniya bayan tuƙi da iskanci. Wani dattijo ya ce, "Ashe shaƙiyyin nan malami ne." Da ma ya mare ni.

Sai Mashud ya fara a kan Injiniya. In ya kama shi, in ya san gidansa. Baba ya ɗaga hannu ya ce ya bari. "Manya ma ana fin ƙarfinsu. Kila ya sa hannun, na sama da shi suka yaga. Kunya ce ta hana shi magana."

Ya ɗauki wayarsa ya juya baya ya yi ta magana a hankali. Da ya gama, aljihuna ya yi motsi a jikin cinyata. Ba wanda ya lura.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Minti uku da rabi. Na saurara duka, ban sa gudu ba.

Ya yi gaisuwa. Ya sanar da rasuwar. Ya ce kada Injiniya ya sa abin a ransa, shi ne ya zaɓi ƙarar inji a kan uwarsa, shi zai amsa wannan a gaban Allah, ba wani ba. Ya roƙi abu ɗaya. In Injiniya ya ga mai lamba arba'in da ɗaya, ya ce masa ya riƙa sakin mai kaɗan kafin kwana, injin yana wahala.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Zan iya karya layin nan in jefa a teku. Injiniya ya koma Abuja, shi ke nan. Baba zai tafi gida yana ganin laifinsa ne shi kaɗai, har ya mutu.

Na kai oda gidan da ba shi ba sau biyu yau.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Da safe, kafin sauran su zo. Yana wanke kabureta a cikin roba. Na durƙusa na buɗe saƙonsa a wayata na ajiye masa a kan benci. Muryarsa ta fara gaisuwa. Ya kalli wayar, ya kalle ni. Na faɗi komai, har da danjar, har da minti biyun da ban ji ba. Na ce ba shi ya zaɓa ba, ni na zaɓa masa.

Bai zage ni ba. Na so ya zage ni. Ya goge hannunsa yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Sau uku Mma ta tambaye ni ranar ƙarshe. Safiya ta ƙirga."

Na ce ya yafe mini. Ya ce bai sani ba tukuna, kada in matsa masa. In Kamil ya dawo, shi zai riƙa duba babur ɗina, shi ba ya son hannunsa a kai da abin da ke ransa.

An kawo sabon ɗan aiki jiya, Rashad, bai san ko'ina ba, irin wanda ake aikawa sayen man tururi. Ya tambaye ni hanyar masallaci, na nuna masa ta gaskiya. Gajiya ce kawai, ina jin.

Jibi ko gata azumi. Sauran shafukan littafin nan da yawa, amma mai shi ba zai ƙara rubutu ba. Babu wani Injiniya, babu Dakta, babu Mijinyawa. Sunan a jikin kwalin wata oda na gani ya burge ni. Wanda ya rubuta wannan tun daga shafin farko, kuma wanda ya ce tsere yana nan, ni ne, Ɗantala ɗan Malam Sabo na Kurna, mai babur lamba sittin da uku.