Tambayoyin Sa'idu

Litinin, 8 Yuli 1974
Ƙanena Sa'idu ya iso daga Dakar, hutun vakansi. Filozofi yake karantawa. Na ce mene ne shi, ya ce yawancinsa binciken abin da mutane ke nufi in sun yi magana. Shekara uku a ƙasar wasu don wannan!

Asabar, 13 Yuli
Tun rasuwar Inna Dije, Baba ba ya cin abin kirki. Ni ke yi masa wanka, ni ke kawo kifi daga tabki, ina ta ba shi haƙuri. Yau ya sake cewa, "Ni dai na ƙare." Maimakon Sa'idu ya lallashe shi, sai ya gyara zama: "Baba, in kun ce kun ƙare, mi ya ƙare? Ƙarfin, ko son zama?" Na so in kwaɗe shi. Baba kuwa ya ce a'a, ba ƙarfin ba.

Alhamis, 1 Agusta
Shi da Baba suna ƙarƙashin iccen bedi tun hantsi, wai suna rarrabe kewa da kaɗaici. Ni ina gona. Da na dawo kwanon fura ba komai.
Furar ma ni na saya.

Lahadi, 18 Agusta
Na tare Sa'idu a zaure. Na ce tsinka magana ba ya dawo da matacce, ba ya gaya wa mutum dalilin da ya sa aka halicce shi. Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya. Ni ma ban san amsar ba." Ko musu bai yi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.
Baba ya yi dariya yau. Ba da ni ba. Kishi nake, na rubuta, wa zai gani.

Litinin, 9 Satumba
Sa'idu ya tafi. Baba ya raka shi har bakin hanyar Maraɗi, mutumin da ko masallaci sai na riƙe shi.

Laraba, 11 Satumba
Baba ya ƙi tuwo jiya, ya ƙi yau. Da la'asar ya ce gidan ya yi masa faɗi. Haƙurin na bakina, na haɗiye. Na ce, "Wane waje ya fi faɗi, Baba?" Don kawai in ga ko dabarar banzar nan tana aiki.
Ya nuna bakin murhu. Ya yi ta ba ni labarin Inna har aka kira magariba, abubuwan da ban taɓa ji ba, ni da ban taɓa barin gidan nan ba.
Ya ci rabin tuwon. Sau biyu yana ce mini Sa'idu. Ban gyara masa ba.