Hoton da ke Shagon Baba

Landan,
Yuni, 1985

Zuwa ga Yaya Maccido,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen gida. Ya damina? Ni lafiya lau, sanyi ma ya yi sauƙi.

Na ji Baba ya rataye hotona da jirgin saman yaƙi a shagonsa na kasuwar Illela, har mutanen Ƙonni na tsayawa kallo. Yaya, tun da na ji haka abinci ba ya mini daɗi. Jirgin nan bai wuce tsawon hannuna ba. A kwali aka sayo shi gunduwa-gunduwa, na haɗa da gam, na shafa fenti. Na wani tsohon Bature ne da nake wa share-share, tsufa ya hana shi haɗawa da kansa. Shi ke tuƙa shi daga ƙasa da wani ɗan akwati mai aiki da rediyo, ni kuwa in ya faɗo sai in ruga cikin ciyawa in ɗauko. Mai hoton ne ya kwanta ƙasa dab da jirgin, ni na tsaya can baya, sai jirgin ya fito ƙato. Na aiko da hoton ban yi bayani ba.

Hoton kam ka bar wa Baba abinsa, mi zan ce masa? Amma an ce ƙanenmu Lawwali zai sayar da gonarsa ta Tozai ya biyo ni koyon ƙera jirgi. Don Allah ka hana shi. Gonar na ciyar da mutum bakwai, jirgina ko kaza ba ya ɗauka.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenka,
Hamidu