Tamostat ɗin da Ke Ƙarƙashin Gadona

Malam mai shawara, ka taimake ni, don abin nan ya hana ni jin daɗin abinci. Ka yi haƙuri da rubutun, ban shiga aji ba sai da furfura ta fara fito mini.

Ni bakanike ne, shekara arba'in da ɗoriya ina kwance inji ina ɗaurawa. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, shi ya ce duk motar da ta shigo a cire mata tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Ya ce kayan mutanen ƙasashen sanyi ne, mu nan ba abin da yake yi sai ƙona inji. Na cire ya fi ɗari, ba wanda ya taɓa dawowa ya zage ni.

Da zai rasu ya bar mini tsohuwar a-kori-kura. Da ita na ciyar da 'ya'ya bakwai. Ita ma na cire mata nata, har da gidansa, wato murfin ƙarfen da ake ɗaurewa da noti biyu a bakin manifol, inda ruwan zafi ke fita daga inji. Na yi waldar wani bututu da hannuna na maye gurbin.

Yanzu garejin yana hannun babban ɗana. Ya yi makarantar koyon sana'a, yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ni kuwa an ja mini benci zuwa bakin ƙofa, wai kada baƙin mai ya ɓata mini riga. Ni da na yi wanka da baƙin mai kafin a haife shi! Allon garejin ma an sake shi ba a tambaye ni ba. Wannan na haɗiye.

Bara manifol ɗin a-kori-kura ya tsage, tsatsa ta cinye shi. Yaron ya ce zai tayar da motar saboda ni, ya sha wahala ya samo manifol irin na asali. Sai ya rantse ba motar da za ta fita garejinsa ba tamostat. Na ce a mayar da bututuna. Ya ɗaga bututun sama a gaban ma'aikata da masu mota, ya ce wannan ne ya sa aka sauya wa injin ringin fistin sau biyu, wai injin da ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata cin kansa yake yi. Aka yi dariya. Wani har da tafi. Na tashi na tafi gida.

To ga inda Allah Ya kama shi. Gidan tamostat uku ya sayo. Na farko ramukan notinsa sun kauce da faɗin ɗan yatsa. Na biyu wuyansa ya kalli fanka, tiyo ba zai shiga ba. Na uku ya zauna, amma ba shi da gurbin da tamostat zai kwanta, ana zuba ruwa yana tsiyaya. Tamostat ɗin ma wai sai mai ɗan faifai a gindi, kuma an daina yin irinsa. Ya ce in wata ya ƙare bai samu ba, zai sauke injin ya sa na zamani, tsohon a ba 'yan gwangwan. Saura kwana tara.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, kayan suna wurina. Ban taɓa jefar da ƙarfe ba. Gidan na asali da tamostat ɗinsa suna cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona, a naɗe da tsumma mai mai, shekara talatin. Uwar yaran kaɗai ta sani, kullum ta zo shara sai ta buga akwatin da tsintsiya ta tambaye ni ko da shi za a rufe ni.

Shekaranjiya da yaron da ma'aikatansa suka fita sallah na leƙa bakin manifol ɗin. Na ga wani ɗan rami a ciki, daidai inda faifan nan zai toshe in ruwa ya yi zafi. Shekara talatin ina ganin irin ramin nan, ban taɓa tambayar kaina aikinsa ba. Na koma bencina na zauna.

In na fito da kayan, na ce maigidana ya yi kuskure, ni ma na yi kuskure sau ɗari, kuma masu dariya sun yi gaskiya. In na yi shiru, a sare injin a kan sikeli ina kallo. Na yi tunanin in jefa su cikin akwatin kayan aikin yaron ya tsinta. Me ka gani?

Tsohon Sifana

Baba, Allah Ya ƙara girma. Kafin in amsa na kai wasiƙarka wurin bakanike biyu, tsoho da matashi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A zamanin maigidanka ruwan lagireto cike yake da tsatsa, tamostat kan maƙale a rufe, sabo kuma ba ya samuwa. Wanda ya cire shi a lokacin ya ceci inji. Dabara ce ta ranar wuya, sai ta zama doka a hannunku. Amma ɗanka yana da gaskiya a kan injin nan: ramin da ka gani yana mayar da ruwan zafi cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba, faifan ne ke rufe shi. Kai ma ka gane haka ranar da ka leƙa.

Inda ɗanka ya yi laifi shi ne ɗaga aikin hannun mahaifinsa a gaban mutane. Ka faɗa masa wannan, ku biyu kawai, sau ɗaya. Amma ka dubi yaron da ya zaga kasuwa sau uku saboda motar da ba za ta kawo masa komai ba. Don wa yake yi?

Kada ka jefa kayan cikin akwatinsa. Zai gane daga inda suka fito, kuma ku biyu za ku zauna da ƙaryar. Ka fara gwada tamostat ɗin: sa shi a tukunyar ruwa bisa wuta, ka ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce. In ya mutu, lambar da ke jikinsa da siffarsa za su taimaka a samo madadinsa. Fuskar gidan tamostat ɗin kuma ka goge ta da samfefa a kan gilashi har ta miƙe, a yanka sabon gasket mai hana yoyo, sifirin ɗin tamostat ya kalli cikin inji.

Sannan ka ɗauke su da rana tsaka ka shiga garejin, ka wuce bencin nan, ka ce a miƙo maka sifana. Masu dariya za su ga wanda ya ajiye abin da kasuwa ta rasa. Hannun da ya kwance notin nan biyu shi ya fi cancanta ya ɗaure su.

Allah Ya sa ka ji kukan injinka kafin kwana taran nan, Ya kuma shirya tsakaninka da ɗanka. A gaida Mama, a ce ta sassauta wa akwatin.