Fulawar da Ba a Ci

Zuwa ga uwargidana Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da mai jego Saudat da jaririnta, da duk mutanen Fagge. Allah ya raya mana.

Kin san ni. Da kayan goro a ka na shigo Ibadan, ba wa, ba ubangida. Ni na kafa rumfata a kasuwar Shasha, ni na koyi Yarbanci a bakin dillalai, ni na ɗora bulo kan bulo har gidan nan na Sabo ya tashi. To yau ga ni, ɗan itace ya hana ni zama wuri ɗaya.

Fulawar nan da na sayo a Mokola, wadda kika yi mini dariya kika ce ko miya ba ta shiga, ta yi fure. Ja wur, faɗinsa kamar tafin hannu. Ba a banza ba. Kashin shanu na ɗebo mata, na bari ya huce kafin in zuba. Da fararen ƙwari suka maƙale ƙarƙashin ganyen, da toka da ruwan darbejiya na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tun da ta leƙo ta katanga, kowa ya wuce sai ya tambaye ni maganin me take yi. Na ce ado ce kawai. Ba wanda ya yarda. Alhaji Labaran, maƙwabcin rumfata, ya faɗa a majalisa wai Manniru ba zai shayar da itace don kallo ba, sirrin cinikinsa ke nan. Shi ke nan fa. Da safe an tsinke fure, da yamma an zage ganye. Ina kasuwa hankalina na gida, ina gida ina zagayen katanga. Jiya a sahun La'asar na hangi jan fure yana leƙowa daga aljihun wani dattijo, har na rasa raka'a ta nawa muke.

Ki yi mini addu'a, ban da dariya.

Mijinki,
Manniru

Uwargida Mas'uda,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Inna? Na ji kin ce sai ta warware za ki dawo. Allah ya ba ta lafiya.

Abin ya wuce ganye. An sassaƙe mata ɓawo, an tone gindin an yanki saiwa. Har Iya Muhibbat mai tuwon dawa ta aiko a sam mata na agbo, jiƙon maganin Yarbawa. Na je na roƙi limaminmu Malam Abubakar Sadiƙ ya sanar bayan salla cewa ba magani ba ce. Ya sanar, Allah ya saka masa. Sai mutane suka ce da ba wani abu a jikinta, me zai kai ni wurin Malam in ɓoye?

Da na ga za su kashe ta, na ɗauki wuƙa da kaina. Na yanyanke rassan a karkace, na soka kowane a ledar ruwa da baƙar ƙasa, na jera a inuwa har suka yi toho. Na raba su kaf, na ce mai son sa'a ya je ya shayar da tasa. Labaran ya fi kowa ɗiba. Tamu saura kututture. Ina duba ta kafin in karya, in sake dubawa kafin in sa takalmi.

Mijinki,
Manniru

Mas'uda,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara.

Tamu ta mutu. Na kankare ta da farce, ba ɗanye ko kaɗan. Ban ajiye wa kaina reshe ko ɗaya ba, don na ɗauka uwar za ta tashi.

Amma ki zo ki ga unguwa. Ƙofar masallaci ja, bakin shagon tela ja, har wajen Ojoo an kai iri. Na Labaran a bakin titi yake, ya fi na kowa cika, shi kuma yana zaune ƙarƙashi yana rabon reshe kamar shi ya halicce ta. Yanzu sunanta furen Labaran. Yarbawa ma ododo Labaran suke cewa. Shekaranjiya wani baƙo ya ba ni shawara, ni Manniru, wai in nemi iri wurin Alhaji ko kasuwata ta buɗe. Ban iya cin abinci ba ranar.

Ba na neman godiyar kowa. Ga abin da nake so. Ki je wurin ƙanenki Tawfiq mai rubuta allon shaguna, ya samo farantin ƙarfe mai kauri, ba langa-langa ba, ya rubuta da fentin da ruwan Ibadan ba zai wanke ba, da boko da ajami, cewa wane ne ya fara kawo wannan fure Sabo, kuma ado ne, ba magani ba. Ki ba direban da ke zuwa tashar Ojoo ya taho da shi, kada ki jira dawowarki. Na riga na yi magana da Malam, a bangon masallaci za a kafa.

Ki tsaya a kansa har ya gama, kada ya rage harafi. Ga yadda za a rubuta sunan:

Manniru Abdulfatah Mai Goro, Sabo, Ibadan.