Kwanon Adaku

Litinin, 7 ga Maris, 1966
Mai duba makarantu ya zo. A gaban malamai duka ya ce Adaku ba ta da "equal" a Funtua wajen koyar da Turanci. Ni kuwa ina tsaye kamar turmi. Yarinyar da muka zauna benci ɗaya tun muna 'yan firamare, ni ke gyara mata lissafi!

Talata, 8 ga Maris
Na tambayi hedimasta, Malam Sanda, to ni mece ce? Ya ce "colleague". Wai abokiyar aiki ke nan, ko babba ko ƙarama. "Mate" wadda kuka taso tare. "Equal" kuwa sai wadda in an ɗora ku a sikeli ba mai rinjaye. Wato an auna ni kamar auduga, na fito lamba biyu. Aji shidan da nake nema ma ita aka ba. Kishi nake, na faɗa, wa zai ji?

Juma'a, 1 ga Afrilu
Adaku ta aiko min da doya da miya a kwanonta mai shuɗin murfi. Inna ta ce, "Lauratu, ƙawance take nema. Ba a mai da kwano wayam." Na ce ƙawance sai da tsara, ai an ce ba ta da tsara. Na cinye doyar dai. Da daɗi, abin haushi.

Laraba, 4 ga Mayu
"Ƙawata, ina kwanona?" in ji Adaku, tana dariya. Na ce na manta. Ban manta ba.

Litinin, 6 ga Yuni
Gari ya yamutse, an far wa mutanen kudu. Adaku da iyayenta sun bi jirgin ƙasa, ko sallama babu. Ita da aka haifa a bayan tasha, ina ta sani a can?

Litinin, 13 ga Yuni
An ba ni aji shida. Abin da nake so ke nan, ko ba haka ba? Malam Sanda ya ce, "To Malama, yanzu ke ce ba ki da 'equal'." Shi a zatonsa yabo ne. Yara sun tambaye ni yaushe za ta dawo, na ce su buɗe littafi.

Asabar, 18 ga Yuni
Na soya gyaɗa, na cika kwanon har baki. Inna ta ce wa zan kai wa? Na ce ba kowa, tsatsa nake gudu. Na rufe, na ajiye kusa da ƙofa.